Yadda Ake Auna Aikin Mai Binciken Lafiya: Misalin Gubar Dalma a Anka da Bukkuyum

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau a yammacin Zamfara suka tarar da ƙananan yara na ta mutuwa, galibi bayan jijjiga. Da aka gwada jini, sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare cike yake da dalma, ga shi ana daka shi ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar ta kwanta a inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. An ƙiyasta yara kusan 400 sun rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum.

Abin da likita ya gani da idonsa ba ya shiga taskar ilimi sai ya rubuta shi a maƙala ya aika wa mujallar masana. Edita ya miƙa wa wasu ƙwararru biyu ko uku su bi ta da kyau: ta yaya aka ɗebi jinin, yara nawa, lissafin ya tsaya? Wannan shi ne tantancewar takwarori, yakan kuma ci watanni. Ta wannan hanya maƙalar Carrie Dooyema ta hukumar CDC ta Amurka da abokan aikinta, ciki har da Dakta Nasir Sani Gwarzo, ta fito a 2012. Sun bi gidaje 119 a ƙauyuka biyu, suka gano cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Cikin 204 da aka gwada, 198 dalmar jininsu ta kai matakin da ake fara magani.

Daga nan sai ambato. Duk wanda ya zo daga baya ya jingina da wannan aiki, dole ya rubuta sunansa a ƙarshen tasa maƙalar, kamar yadda malamin zaure ke cewa wane ne ya faɗa a littafi kaza. Kowane irin wannan, ambato ɗaya ke nan. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar tattara su a 1955, kundinsa ya fara fitowa a 1964, yau kuwa Scopus da Google Scholar ke ƙirgawa da kwamfuta.

A 2005 masanin kimiyyar fiziya Jorge Hirsch ya haɗa yawan rubutu da yawan ambato a lamba ɗaya, ma'aunin h. Idan aka ce na wani 10 ne, yana da maƙala 10 da aka ambaci kowace aƙalla sau 10. Mai maƙala 100 da ba wanda ya waiwaya ba zai tashi ba, haka ma mai guda ɗaya tak da ta yi fice. Da irin waɗannan lambobi ake duba ƙarin girma da tallafin bincike a jami'o'i da dama.

Lambar tana da inda take makancewa. Maƙalar 2012 sunaye 15 ne a kanta, kowa kuma zai sami ambato daidai da na ɗan'uwansa, ko da wani ya kwana a ƙauye yana ɗibar jini, wani yana ofis. Masu sani sukan duba jerin: na farko yawanci shi ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe jagora. Fannin da ke da dubban masu bincike, irin na ciwon daji, ya fi tara ambato. Mutum na iya yawan ambaton kansa, kuma wanda aka ambata don a ƙaryata shi ma lambarsa hawa take. Damuwa da irin wannan awo, musamman auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, ta sa masana suka tsara sanarwar San Francisco kan auna aikin bincike a 2012.

Akwai kuma amfanin da ba ya shiga ƙidaya. A 2014 Natalie Thurtle da tawagar MSF suka buga bayanin zagaye 3,180 na maganin DMSA da aka ba yara 1,156 a Zamfara. Maganin sha ne da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, kuma kafin nan bayanai kan yara masu guba mai tsanani haka kaɗan ne. An kuma tabbatar magani ba ya ɗorewa idan yaro zai koma gidan da ke da gubar, shi ya sa ake fara kankare ƙasar tsakar gida a zuba mai tsabta, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013. Da irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, ba daga farko aka soma lalube ba.

A ganina ƙidayar ambato ma'auni ne mai amfani, amma abin da take nunawa shi ne yadda masana ke amfani da aikin junansu. Ya kamata jami'o'inmu na Sakkwato da Gusau, idan za su auna malami, su tambaya har da wace asibiti ko hukuma ta yi aiki da bincikensa, kuma ko sakamakon ya koma ga mahaƙan Anka da Bukkuyum cikin Hausa.