Wilin Aro: Inda Matsalar Birki Take Ɓuya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta bar babban titin Zariya zuwa Kano daga Tashar Yari ta nufi Makarfi da Ikara, ko wadda ta ratsa Hunkuyi zuwa Kudan, ya san irin wahalar da ƙafar mota ke sha a wannan yanki, musamman a lokacin kakar rake da tumatir, sa'ad da ake labta wa ƙaramar mota kayan da ya fi ƙarfinta. Rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa wili. Idan haka ta faru, mai mota ba ya tsayawa neman na ainihi. Yakan aika Sabon Garin Zariya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a kawo masa duk wanda ramukansa suka yi kama da nasa, a ɗaura, a ci gaba da neman abinci. A nan ne matsalar take farawa.

A da wannan magana ba ta da wuya. Tun daga 1975, da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kusan duk ma'aikacin da ya ci bashin mota 504 yake saya, ita ce kuma ta cika tashoshi. Wilinta ramuka huɗu ne a kan da'ira mai faɗin milimita 140, haka kuma na ƙanwarta 505, saboda haka aro tsakanin 'yan gida ɗaya ba ya jawo rigima. Bayan matsin tattalin arziki na 1986, sabuwar mota ta gagari mai albashi, motocin gwanjo daga Turai suka kwararo: Golf, Corolla, Civic, Opel, daga baya kuma Sharan. Kowace ta zo da nata awo, kasuwa kuwa ta tara wilinsu wuri guda kamar tsibin dankali.

Abu na farko da mai saye ke dubawa shi ne yawan ramuka, alhali kuwa yawan ramuka ba ya nufin dacewa. Golf ta biyu da yawancin ta uku, da tsofaffin Corolla da Civic, duk ramuka huɗu ne a kan milimita 100. Peugeot 406 ita ma huɗu gare ta, amma a kan 108. Wannan bambanci ido yana ganinsa, ba shi da haɗari, domin wilin ba zai shiga ba sam. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya kusa dacewa. Sharan ramuka biyar ne a kan 112, Camry kuwa biyar a kan 114.3. Tazarar ba ta kai milimita uku ba, yaron gareji mai ƙarfin damtse zai iya murɗa noti ya shiga a karkace. Mota za ta tashi lafiya, amma kowane noti yana ɗauke da nauyi ta gefe guda, yana sassautawa a hankali, ran da ya gaji kuwa ba ya yin sallama.

Sai ramin tsakiya, wanda ke zama a kan wuyan hob. Na Golf milimita 57.1 ne, na Corolla 54.1. Watau wilin Corolla ba zai zauna a kan Golf ba sai an ƙwaƙule shi, na Golf kuwa zai shiga Corolla amma da sako-sako, abin da ke sa sitiyari rawa idan an taka mota. Akwai zobe da ake sakawa ya cike wannan giɓi, ba shi da tsada, amma ba kasafai ake damuwa da shi ba.

To, a ce ramuka sun dace, tsakiya ta dace. Saura birki, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A bayan wilin gaba akwai faifan ƙarfe da ake kira diski, da kuma kalifa, wato ƙarfen nan da ke rungume da diski yana matse shi da lainin birki idan direba ya taka. Duka biyun suna zaune ne cikin kogon wili, kuma masu ƙera mota sun auna kogon daidai da girman birkin. Alal misali, ƙaramar Golf ta uku mai diski na milimita 239 tana ɗaukar wili mai inci 13. Wadda diskinta ya kai 256 sai inci 14. Mai suna GTI, wadda nata ya kai 280, sai inci 15 zuwa sama. Saboda haka mutum biyu za su iya mallakar Golf iri ɗaya a ido, safayar wannan ta ƙi shiga motar wancan. Direbobi da yawa suna son ƙaramin wili domin tayarsa ta fi araha kuma ta fi jure rami, hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce, amma birki ne ke da maganar ƙarshe.

Ko da faɗin ya isa, akwai zurfi. A jikin kusan kowane wilin Turai an buga rubutu irin wannan: 6J x 14 ET45. Lamba ta farko faɗin bakin wili ne da inci, ta biyu girmansa, ta ƙarshe kuwa tana nuna milimita nawa fuskar da ke manne da hob ta goce daga tsakiyar wili. Idan lambar ta yi yawa, wili yakan nutse ciki ya kusanci shokazoba da tiyon man birki. Idan ta yi kaɗan, taya ta leƙo waje, ta riƙa gugar madigadi idan an yi lodi, boris kuma ya riƙa cinyewa da wuri. Ƙananan motocin Ford suna da ramuka huɗu a kan 108 kamar 406, amma wilinsu ya fi nutsewa ciki ƙwarai, ramin tsakiyarsa kuma ya fi ƙanƙanta, don haka kamannin na yaudara ne.

Akwai wani tarko da ni kaina na faɗa cikinsa. Na sa wilin gwanjo a motata, aka juya shi da hannu, babu abin da ya taɓa. Bayan 'yan watanni aka canja mini lainin birki, ina fita daga gareji na ji ƙarfe yana kukan ƙarfe. Dalili kuwa shi ne, yawancin kalifa tana zamewa ne a kan sanduna biyu. Idan laini ya cinye sai ta ja ciki, idan aka sa sabo mai kauri sai ta dawo waje wajen fuskar wili. Gwajin da aka yi da tsohon laini ya ba ni amsar ƙarya. Haka nan darmar da ake mannawa a cikin wilin alminiyam domin daidaita nauyi, ita kaɗai ta isa ta cinye ɗan filin da ya rage.

Maganin da aka fi yi a bakin titi iri biyu ne, kuma ban yarda da ko ɗaya ba. Na farko, a sa injin gurza a rage bayan kalifa. Wannan ƙarfe shi ne ke ɗaukar ƙarfin matsa duk lokacin da aka taka birki, a cikinsa kuma man birki yake. Rage masa kauri domin wilin da aka saya da araha, sayar da akuya ne a sayi igiya. Na biyu, a jera washa a bayan wili. Wili yana riƙe ne saboda fuskarsa ta kwanta gaba ɗaya a kan hob. Idan aka ɗora shi a kan washa huɗu, ya zama tukunya a kan murhu, kuma zaren da noti zai kama ya ragu.

Idan tilas ta sa, abin da ya halatta shi ne faranti guda ɗaya da aka sassaƙa a injin daidai da awon motar, mai wuyan da wili zai zauna a kai, tare da noti masu tsawo gwargwadon kaurinsa. Ƙa'idar da masana suka saba bi ita ce zaren da ya shiga ya kai aƙalla kaurin notin kansa. Ga noti mai milimita 12 irin na Golf, wannan ya kama juyi takwas ke nan, kuma mai mota yana iya ƙirgawa da kansa. A kuma lura da gindin notin: na Volkswagen zagaye ne kamar rabin ƙwallo, na wilin ƙarfe na Toyota kuwa mai tsini ne, idan aka haɗa wannan da wancan ba ya kamawa sai a siririn layi.

Girman taya shi ma yana bin lissafi. Taya mai lamba 175/70 a kan inci 13 tsayinta wajen milimita 575 ne, mai 185/60 a kan inci 14 kuwa wajen 578, don haka ana iya musanya su ba tare da agogon gudu ya yi ƙarya ba.

Kafin a biya kuɗi, a ɗaga mota, a ɗaura wilin a ƙafar gaba, domin can birki ya fi girma. A juya shi da hannu, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a tabbata akwai fili aƙalla milimita uku tsakanin wili da kalifa ta kowane gefe, kuma da sabon laini. Sa'an nan a sauke, a yi tafiyar kamar kilomita 50, a tsaya a sake bin kowane noti da sufana.