Gidan ƙasa na zamani: darasi daga Dandaji

Ɗan kasuwa in Allah ya buɗa masa, burinsa ya gina gida a ƙauyensu. Galibi sai ya sare itatuwan filin, ya zuba siminti, ya rufe da kwano. Bazara na kamawa ɗaki ya koma tanda, iyali su dinga kwana waje.

A Dandaji, jihar Tawa, ƴar Nijar mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta nuna wata hanya. A 2018 aka kammala kasuwar garin da ta tsara, da bulon jar ƙasa wanda aka matse da inji, kuma ba a taɓa tsohon itacen wurin ba. Bangon ƙasa mai kauri yana tare zafin rana, ga shi ba sai an yi dakonsa daga nesa ba.

Abin tsoro shi ne ruwa: damanar 2024 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa, har da tsohon masallacin Damagaram. Don haka a gina bisa tudu, a sa siminti da dutse a harsashi, indararo ya kai ruwa nesa da bango. Tagogi su dubi kudu da arewa, a bar inuwa tsakar gida.