Madubin Bindigar Farauta da Murfinsa: Darasi Daga Dubai

Masu farauta da shaho a ƙasashen Larabawa suna da wata 'yar hular fata da suke kira burƙa, wadda suke kifa wa tsuntsun a kai ta rufe masa ido, ba su cire ta sai sa'ad da za su sake shi ya bi abin farauta. Maharbin da ya ɗaura madubin hangen nesa a kan bindigarsa shi ma yana da idon da ya wajaba ya rufe, don sau da yawa kuɗin madubin yakan kai na bindigar, wani lokaci ma ya fi. A birni irin Dubai kuwa, inda hamada ta haɗu da teku, zaɓen murfin wannan madubi ba ƙaramin al'amari ba ne.

Da farko ya kamata a san inda ake amfani da irin wannan bindiga a can. A shekarar 1972 aka kashe na ƙarshe daga cikin fararen barewan nan masu miƙaƙƙen ƙaho da Larabawa ke kira maha a dajin Oman, bayan an yi shekaru ana bin su da motoci da bindigogi. Irin wannan ɓarna ce ta sa aka tsananta doka. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa dokar kare muhalli ta 1999 ta hana kashe namun daji da tsuntsayen da hukuma ta ba kariya, mallakar bindiga kuma sai da lasin. A 2003 Dubai ta keɓe gandun hamada mai faɗin murabba'in kilomita 225, inda maha ke kiwo ba mai taɓa su. Saboda haka mai bindiga a Dubai yawanci filin koyon harbi yake zuwa, kamar na Jebel Ali, ko kuwa ya yi guzuri ya tafi ƙasar da aka yarda a yi farauta. Ashe madubinsa ya fi daɗewa cikin mota da akwati da ɗaki bisa ga daɗewarsa a daji, nan ne kuwa yake gamuwa da yawancin abubuwan da ke lalata shi.

Babban abokin gabansa ƙura ce. Kowace fuskar gilashi takan mayar da wajen kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata, madubin bindiga kuwa gilasai da yawa ke jere a cikinsa. A 1935 wani masani mai suna Alexander Smakula, na kamfanin Carl Zeiss da ke Jena a Jamus, ya gano yadda ake shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke rage wannan hasara. Kaurin shafen bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba, amma shi ne ke sa maharbi ya ga abu rangadadau da asuba ko da magariba. To, bisa ma'aunin taurin duwatsu da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, gilashi yana tsakanin 5 da 6, ƙwayar ma'adinin kwaz kuwa tana kan 7. Farin yashin bakin tekun Dubai yawancinsa garin katantanwa ne da murjani, yana da laushi. Amma jan yashin cikin hamada akwai kwaz a cikinsa sosai. Idan iskar arewa da suke kira shamal ta taso, musamman a farkon lokacin zafi, takan ɗebo ƙura tun daga Iraƙi ta lulluɓe birnin, kamar yadda hunturu ke yi wa Kano da Maraɗi.

Amma fa saukar ƙura a kan gilashi ba ita ce ɓarnar ba. Ɓarnar tana zuwa ne sa'ad da mai madubi ya ga dishi-dishi, ya kama bakin rigarsa ya goge. Ya zama ke nan ya sa sanfefa a kan gilashinsa da hannunsa. Karcen da aka yi ba ya gyaruwa, kuma duk lokacin da rana ta yi ƙasa sai ya riƙa warwatsa haske. Maharbin da ya harba cikin irin wannan ƙyalli yana iya raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale, maimakon ya kayar da ita nan take. Amfanin murfi na farko shi ne ya rage yawan gogewa.

Abokin gaba na biyu shi ne laima. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Dubai yakan haura digiri 40, wasu ranaku kuma laimar iska takan kai kashi 90 cikin 100. Wanda ya fito da madubi daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zai ga gilashin ya yi gumi nan da nan, kamar kwalbar ruwan sanyi. Tun ƙarshen shekarun 1940 masu ƙera madubai suka fara cika cikinsu da busasshiyar iskar naitirojin su toshe, don haka cikin madubi mai kyau ba ya gumi. Waje ne ke yi. Idan aka danna murfi a kan wannan danshi aka ajiye, an ɗaure ruwa da ƙura da gishirin teku wuri guda, har fumfuna na iya fitowa ta ci shafen.

Murafan da ke kasuwa iri huɗu ne manya. Akwai na roba mai tauri wanda ke zaune a bakin madubi, yana da sifirin, da an taɓa shi da yatsa sai ya ɗage. Shi ya fi dacewa da filin harbi da daji, don ba a buɗe gilashi sai lokacin saiti, sai dai ƙura takan shiga mahaɗinsa, rana kuma takan busar da mai araha ya tsage. Akwai kofuna biyu da igiyar roba ta haɗa, masu rufewa gam, amma sai an cire su gaba ɗaya, suna kuwa da saurin ɓata. Akwai riga ta roba mai laushi da ake kira niyofirin, wadda ke lulluɓe madubin duka ta kare shi daga bugu a bayan mota, amma tana riƙe zafi da danshi. Sai kuma kuben fata, wanda ya fi kyan gani, sai dai fata tana shan laima, ba ta dace da doguwar ajiya a bakin teku ba. Babu ɗaya da ke yin aikin duka, shi ya sa masu lura sukan haɗa murfi mai sifirin da riga: riga don tafiya, murfi don wurin harbi.

Wajen awo ne masu saye suka fi kuskure. Idan an rubuta 3-9x40 a jikin madubi, lambar 40 faɗin gilashin gaba ne da milimita, ba faɗin ƙarfen da ya kewaye shi ba, wanda ya fi haka da milimita da dama. Ko da yake an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, a nan kam sai an auna bakin gaba da na baya daga waje, kowanne dabam. Murfin da ya yi sako-sako ƙarfin harbi zai fizge shi, ƙura kuma ta bi gefensa. Sai a duba kuma ko akwai sarari tsakanin madubi da bututun bindiga da zai ɗauki kaurin murfin.

Sauran kuwa kula ce ta yau da kullum. Idan an fito daga sanyi, a bar madubi cikin akwatinsa a rufe har ya ɗumama kafin a buɗe. Kada a bar shi cikin motar da ke tsaye a rana, inda zafi ke iya kaiwa digiri 70, kada kuma a jingine shi gilashi na kallon rana a buɗe, don gilashin yana tattara haske ya ƙona abin da ke ciki. Idan ƙura ta hau, a fara hure ta da 'yar roba mai busa iska, a bi da burushi mai laushi, sa'an nan a sa ƙyallen gilashi. Cikin murfin shi ma a riƙa wanke shi, a bar shi ya bushe sarai. A wurin ajiya kuwa a sassauta shi, a sa 'yan ƙunshin silika masu tsotse laima a cikin akwati.

Wannan darasi bai tsaya ga Dubai ba. Ma'aikacin gandun daji a Yankari da ke riƙe da tabaron hangen nesa, da mai ɗaukar hoto a Zariya, da mai awon ƙasa a Damagaram, duk gilashi mai irin wannan shafe suke riƙe da shi, ƙurar hunturu da laimar damina kuwa suna yi masa abin da shamal da iskar teku ke yi.