Da Wane Mudu Aka Auna Ruwan Challawa?

Duk wanda ya taɓa ratsa Sharaɗa ko ya miƙi hanyar Panshekara da tsakar bazara ba ya buƙatar wani masani ya gaya masa cewa dagwalon kamfanonin jima ba ruwan arziki ba ne. Hancinsa ya ishe shi shaida. Dagwalon Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗe da Jakara, kuma a bakin waɗannan rafuka mutane suke noman lambu: latas, alayyafo, karas, kabeji. Shi ya sa ɗalibai da malaman kimiyya, musamman na Jami'ar Bayero, suka daɗe suna zuwa da kwalabe suna ɗibar ruwan don su auna gubar da ke ciki.

Guba kam akwai ta. Rigimar tana wajen adadi. A kasuwar Dawanau kowa ya san mudu ɗaya yana iya ba da awo biyu: wani ya shafe bakinsa, wani ya bar shi da tozo. Awon ɗakin gwaje-gwaje ma yana da irin nasa tozon, sau da yawa ba tare da mai awon ya yi niyyar algus ba.

A fara da wurin ɗiba da lokacinta. Wanda ya cika kwalbarsa a bakin bututun kamfani cikin watan Afrilu, lokacin da rafi ya kusa ƙafewa, ya auna dagwalo tsagwaronsa. Wanda ya ɗiba a Agusta, can ƙasa bayan kogi ya kawo, zai sami abin da ruwan sama ya sirka. Duk su biyun ba su yi ƙarya ba. Amma in na farkon ya rubuta cewa "ruwan kogin Challawa" yana ɗauke da kaza, ya ƙara gishiri. In na biyun ya ce komai lafiya lau, ya tauye mudu.

Sai maganar kuromiyom, sinadarin da masana'antun zamani suke jeme fata da shi. Iri biyu ne suka fi shahara. Mai daraja uku shi ne ake jima da shi, kuma dafinsa da sauƙi. Mai daraja shida kuwa an tabbatar yana jawo ciwon daji. Na'urar da aka fi amfani da ita wajen auna ƙarafa a ruwa jimilla take bayarwa, ba ta raba su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 0.05 a lita ɗaya ta ruwan sha. To sai ka ga an auna ruwan kwata, wanda ba mai sha, an gwada shi da ma'aunin ruwan sha, sannan an jingina wa jimillar duk sharrin mai daraja shida. Lamba ce mai firgitarwa, amma tambayar da ta amsa daban ce da wadda aka yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na ganye, domin lissafi ne da ɗan firamare zai iya. Kafin a auna alayyafo, sai an busar da shi an daka. Ɗanyen ganye kuwa kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Ke nan kilo goma na ɗanye sai ya koma kamar kilo ɗaya, gubar da ke ciki ta tattaru wuri guda. Iyakar dalmar da aka amince da ita a duniya ga ganyayen miya miligiram 0.3 ce a kilo ɗaya na ɗanyen ganye. A ce, a misali, busasshe ya nuna miligiram 2: in aka mayar da shi ɗanye 0.2 ke nan, bai kai iyaka ba. Wanda ya manta da wannan mataki zai shelanta cewa gubar ta ninka iyaka fiye da sau shida. Gobe labari ya bazu a waya, mai lambu ya wuni da kayansa a rana.

Wannan ba ciwon Kano kaɗai ba ne. Shekaru da dama ana ƙiyasta yawan masu cutar ƙanjamau a Najeriya ta hanyar gwada mata masu zuwa awon ciki, kuma a 2001 awon ya nuna kashi 5.8 cikin 100. Amma masu ciki da ke zuwa asibiti, galibi a birane, ba su ne hoton al'umma duka ba. Da aka bi gida-gida a jihohi 36 da Abuja a 2018, sai aka sami kashi 1.4 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, adadin masu cutar ya sauko daga sama da miliyan 3 zuwa kimanin miliyan 1.9. Babban ɓangare na wannan ragi daga gyaran mudu ya fito. Indiya ma ta yi irin wannan gyara a 2007, daga miliyan 5.7 zuwa kusan miliyan 2.5.

Akwai kuma son zuciyar mujallu. Binciken da ya ce "mun auna, ba mu ga komai ba" da wuya ya sami shiga, wanda ya zo da abin tsoro shi ake rububi. Likita John Ioannidis ya tayar da ƙura a 2005 da ya yi hujjar cewa yawancin sakamakon binciken da ake bugawa ba daidai ba ne, kuma wannan ɗabi'a tana cikin dalilansa.

Kada mai kamfani ya karanta wannan ya yi murna, don kuskuren awo ba gefe ɗaya yake faɗawa ba. In aka shiga masana'antar jima aka duba lafiyar ma'aikata, waɗanda ke tsaye da ƙafafunsu za a tarar. Wanda tari ko ciwon fata ya kora gida ba ya cikin lissafi, sai wurin ya fito fes a takarda. Haka ita ma 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa a asibiti. Binciken Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna tana kambama yawan iskar da ke jinin baƙar fata, har ƙarancin iskar da take kasa ganowa a jikinsu ya kusa ninka na farar fata sau uku. Mu ke nan ake wa wannan awon.

Abin da ke damuna da ƙarin gishiri shi ne yana kashe ƙarar mai gaskiya. Mutanen ƙauyukan bakin Challawa suna da koke na haƙiƙa. Ranar da suka tsaya gaban hukuma da lambar da aka kumbura, lauyan kamfani zai kawo nasa awon na watan Agusta, ya rusa lamba ɗaya, a yi watsi da koken gaba ɗaya. Awon da zai tsaya musu shi ne wanda aka yi kowane wata har shekara ta zagayo, a saman bututu da ƙasansa, a rijiyar da ake sha da ganyen da ake ci, an raba mai daraja uku da mai daraja shida, kuma an rubuta ƙarara ko ɗanye aka auna ko busasshe.