Rufin Ɗaki Ma Sadaka Ne

Da wuya ka zagaya Malumfashi ko Funtuwa da dare ka tarar da magidanci da iyalinsa kwance a bakin titi, kamar yadda ake gani a manyan biranen Amurka. Shi ya sa wasu ke ɗauka cewa rashin muhalli ba ciwonmu ba ne. Ciwon yana nan, zumunci ne ya rufa masa asiri. Matar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara tana raɓe da 'ya'yanta a zauren ɗan'uwa, ko a kangon da mai shi bai ƙarasa ba, an toshe taga da buhun taki. Harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a watan Agustan 2025 kuwa ya nuna cewa ƙasar Malumfashi kanta ba ta tsira ba.

Akwai kuma waɗanda damina ke kora. Ginin ƙasa yana da ƙarko, amma sai da hidima: yaɓe kafin ruwa ya sauka, gyaran indararo, canza azarar da gara ta cinye. Tsohuwar da ba ta da mai yi mata wannan, ko matar da miji ya mutu ya bar mata marayu, ido kawai take zubawa. Ruwan Agusta ya jiƙa gindin katanga, tsaga ta buɗe, a kawo gungume a tokare, wata rana da tsakar dare soron ya zauna. Sai a lokacin ne za a zo jaje da buhun masara da bandir ɗin kwano, har da mai ɗaukar hoto. Da an kashe kaɗan daga cikin kuɗin nan a watan Afrilu, da ɗakin yana tsaye.

A wasu ƙasashe masu taimako sun daɗe da mayar da hankali kan muhalli. A 1976 Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity a jihar Jojiya ta Amurka. Ba kyauta take raba gidaje ba. Iyalin da za su shiga gidan sai sun zuba guminsu a ginin tare da 'yan sa kai, sannan su riƙa biya kaɗan-kaɗan, abin da suka biya a gina wa wani da shi. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya shiga aikin a 1984, yana riƙe guduma da hannunsa. Duk wanda ya tashi a karkarar nan ya san wannan tsari: gayya ce, sai dai an haɗa ta da littafin lissafi. Finlan kuma tun 2008 ta ɗauki tsarin fara ba mutum ɗaki kafin a nemi ya gyara sauran rayuwarsa, kuma masu kwana a waje sun ragu ƙwarai. A gida Najeriya, Gidauniyar Ɗangote ta gina gidaje 200 a Maiduguri a 2018 domin waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da muhallinsu.

Mu dai ba a bar mu a baya wajen alheri ba, amma hannunmu ya saba da masallaci da rijiyar burtsatse da abincin azumi. Duk suna da lada. Sai dai ban ga dalilin da zai hana attajirin da ya tara a cinikin masara ko auduga ya yi wakafin ɗakuna huɗu domin marayu ba, ko ya biya wa ɗan gudun hijira hayar shekara. Zakkar da ake fitarwa da kaka ma, idan ta shiga hannun mabuƙaci a dunƙule maimakon mudu-mudu, tana iya zama rufi.

Masu unguwanni sun san kowane gida da ke shirin faɗuwa. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasa su zauna da su tun da rani, a rubuta sunaye ba tare da duba jam'iyya ba, a nemi magina da kafintoci su ba da yini guda, masu hali su kawo kwano da ƙusa. A yi aikin kafin ruwan farko ya sauka.