Gida ya cika, mota ta yi kaɗan: lissafin da ke gaban magidanci kafin sayen mai kujeru bakwai

Da ƙarfe bakwai da rabi na safe, duk wanda ya tsaya bakin titi a Maraɗi ko Damagaram zai ga abin da ido ya riga ya saba da shi: uba a kan moto, yaro ɗaya a gaba bisa tanki, biyu a baya sun ƙanƙame juna, jakunkunan makaranta na reto. Wanda Allah ya hore wa ƙaramar mota, Starlet ko Corolla, shi ma ba a rasa ganin yara huɗu ko biyar cunkushe a kujerar da aka yi domin mutum uku, auta kuma yana kan cinyar uwa a gaba. Motar da aka saya lokacin amarci tana nan yadda take, gidan ne ya cika.

Binciken ƙasa na shekarar 2021 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 6.2 a matsakaici, bayan a 2012 adadin ya kai 7.6. An samu raguwa, amma ko a hakan mota mai wurin mutum biyar ba ta ɗaukar gida guda. Kuma gidan Bahaushe bai tsaya ga miji da mata da ƴaƴansu ba. Akwai tsohuwa da za a kai asibiti, akwai ƙanen maigida da ke karatu, akwai ƴar riƙo, wani gidan kuma akwai uwargida da amarya kowacce da nata yaran. Shi ya sa da zarar magidanci ya tara abin da ya tara, maganar da yake fara yi wa dillali ita ce a samo masa mota mai faɗi wadda ba ta shan mai.

Matsalar ita ce waɗannan buƙatu biyu ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Mota mai faɗi tana da nauyi, mai nauyi kuma sai da babban inji, babban inji kuwa mai yake ci.

Shekarun baya, mutanen Maraɗi da Ƙonni da Magarya ba su cika damuwa da wannan lissafi ba, domin ƴan ruwa-ruwa na nan a kowace kwana da kwalabe da jarkoki na man da ake shigowa da shi daga Najeriya, mai arha fiye da na gidan mai. Wannan zamani ya wuce tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Najeriya ta janye tallafin fetur. Masu motoci da dama suka koma gidajen mai, wato ga man matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage litar fetur zuwa sefa 499, ta gazuwal kuma zuwa 618. Sai dai dogayen layukan da aka sha a gidajen mai cikin watan Maris na 2025 sun tuna wa kowa cewa wani lokaci ko da kuɗi a aljihu man kan yi wuyar samu, kuma motar da ke shanye tanki cikin kwana huɗu ita ce ke mayar da mai ita layi tun kafin ƴan uwansa.

Manya da ƙanana

Motocin iyali da ake samu a filayen sayar da motoci na Yamai da Maraɗi kusan kashi uku ne.

Akwai manya irin na Amurka, kan gaba a cikinsu Toyota Sienna. Tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas kowa ya miƙe ƙafa, ƙofofinta na gefe ja ake yi, abin da ke sauƙaƙa wa tsofaffi da masu goyo shiga, kuma ko an cika kujeru akwai sauran wurin kaya a baya. Amma injinta mai silinda shida ne, lita 3.3 a samfurin 2004 zuwa 2006, lita 3.5 daga 2007. A doguwar hanya tana shan wajen lita 10 a kilomita 100, cikin gari kuwa sai ta kai 13 ko 14. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Sabbin Sienna daga samfurin 2021 duk masu haɗa inji da batir ne, shan mansu ya ragu da kusan rabi, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata.

Sai matsakaita irin na Turai: Corolla Verso, Avensis Verso da tsohuwar Picnic, sai Opel Zafira. Injinsu silinda huɗu ne, lita 1.6 zuwa 2.2. Corolla Verso mai lita 1.8, wadda aka ƙera tsakanin 2004 da 2009, tana shan kimanin lita 8 idan aka haɗa tafiyar gari da ta waje. A nan ne masu saye da yawa ke ruɗuwa da kalmar «kujeru bakwai». Kujeru biyun ƙarshe na yara ne, babban mutum ba zai jure zama a cikinsu daga Maraɗi zuwa Tasawa ba. Kuma da zarar an ɗaga su, wurin kaya ya tafi. Abin da ya rage bai fi na jakar hannu biyu ba. Mota ce ta mutum biyar da kayansu, ko mutum bakwai hannu rabbana.

Kashi na uku su ne masu tsayi daga ƙasa, irin su Highlander da RAV4. Yawancin RAV4 wurin mutum biyar ne, komai girman da take nunawa daga waje. Highlander wasu na da layi na uku, shi ma matsattse. Abin da ake saye a jikinsu tsayi ne, kuma tsayin yana da ranarsa.

Dattawa za su tuna cewa an taɓa samun motar da ta haɗa kusan duka: Peugeot 504 da 505 masu dogon baya, masu layi uku, da suka yi shekaru suna jigila tsakanin Maraɗi da Katsina. Yau ba a ƙera su, waɗanda suka rage kuma sun gaji.

Abin da tanki ke ci a wata

A ɗauki ma'aikacin da ke kai yara makaranta, ya wuce wurin aiki, ya dawo cin abincin rana, ya koma, da yamma a kai yara islamiyya. Kilomita 40 a rana ba abin mamaki ba ne a Yamai. A wata ya zama kilomita 1,200. Motar da ke shan lita 8 za ta ci lita 96, wato kusan jika 48 bisa farashin 499. Mai shan lita 12 za ta ci lita 144, kusan jika 72. Bambancin jika 24 ne duk wata, kimanin jika 288 a shekara. Idan aka tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar jika 42 ne, za a ga cewa wannan rata kaɗai ta haura rabin albashin wani.

Wasu na ganin mafita ita ce mota mai gazuwal, tun da ba ta sha da yawa. Lissafin bai goyi bayansu sosai ba. Corolla Verso mai gazuwal na shan kimanin lita 6.5, a kan 618, kilomita 100 ya tashi kusan jika 4. Mai fetur mai shan lita 8 a kan 499, ita ma kusan jika 4. An yi canjaras a gidan mai, a gareji kuma mai gazuwal ta fi tsada. Motocin gazuwal na Turai na bayan 2010 suna da matatar hayaƙi a bututun shaye-shayensu, wadda ke toshewa idan kullum gajeriyar tafiya ake yi cikin gari, kuma gyaran famfon mansu ba kowane bakanike ke iya shi ba. Gazuwal na biyan mai shi ne idan yana yawan doguwar tafiya.

Tambayar da ta fi raba gardama ita ce: sau nawa motar ke cika? Magidanta da yawa suna sayen mota ne da tunanin tafiyar Sallah, ranar da za a kwashi kowa da kowa zuwa ƙauye, a dawo da buhun hatsi da rago a baya. Wannan tafiya sau biyu ko uku ce a shekara. Sauran kwanaki 360 motar na yawo ne da mutum huɗu ko biyar, wani lokaci maigida shi kaɗai, tana shan man mutum takwas. Jika 288 da aka ambata ta isa a yi hayar babbar mota a duk waɗannan tafiye-tafiye har a samu canji. Amma gidan da kullum yara shida ke fita makaranta lokaci guda, ko ake da mara lafiya da ke buƙatar wurin kishingiɗa, ƙaramar mota ba za ta yi masa ba. Sawu biyu a ƙaramar mota ya fi sawu ɗaya a babba cin mai da lokaci.

Hanya ma tana da ta cewa. Mai zirga-zirga a kan babbar hanya ta ɗaya, daga Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi har Damagaram, Verso ko Sienna sun ishe shi. Wanda garinsu sai an sauka daga kwalta an shiga rairayi, ko an tsallaka ƙorama da damina, dole ya duba tsayin mota. Waɗannan motocin iyali da ma ƙasa-ƙasa suke, idan aka ɗora masu mutum bakwai da buhu sai bayansu ya ƙara zama, cikinsu ya riƙa gugar ƙasa. Ɗora kaya a saman rufi na taimakawa, amma yana ƙara shan mai, yana kuma sa mota rangaji a kwana.

Kafin a biya kuɗi

Kusan duk waɗannan motoci na hannu ne, an yi amfani da su a Turai ko Amurka. A da ta tashar Kotonu suke shigowa, su tsallako gadar Malanbil zuwa Gaya. Rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya karkata kaya zuwa tashar Lome, ta cikin Burkina Faso, hanya mai nisa da ake bi da rakiyar sojoji. Kuɗin wannan zagaye a kan mai saye yake ƙarewa, a farashin mota da na kayan gyara duka. Wannan ne ya ƙara wa Toyota daraja: kayanta ana samun su a Yamai da Maraɗi, in an rasa a aika Kano. Motar da ta yi arha a fili amma ƙaramin ƙarfenta sai an jira wata guda daga waje, ita ce ake cewa araha ba ta ado.

Lambar kilomita da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce, domin ana mayar da ita baya. Motocin Amurka kuma da mil suke ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka 150,000 a Sienna na nufin kilomita 240,000. Wasu daga cikinsu an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci, aka gyara aka fesa fenti. Kowace mota na da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Da ita ana iya binciken tarihin motocin Amurka a intanet, kuma wajibi ne ta yi daidai da wadda ke kan takardun duwan da kart giris. Motar da takardun duwan ɗinta ba su cika ba tana iya kwana a hannun jami'ai a shingen farko.

Akwai abubuwa biyu da ake cirewa a jikin mota da ke mayar da mara shan mai ta koma mashayiya. Na farko tukunyar tace hayaƙi da ke ƙarƙashin mota, wadda ake yankewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Sau da yawa na'urar auna iskar da ke kusa da ita kan lalace a wajen yankan, kwamfutar motar ta riƙa zuba mai fiye da kima. Na biyu shi ne ƙaramin ƙarfen da ke daidaita zafin inji, wanda wasu kanikawa ke cirewa da sunan ƙasarmu akwai zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai. Abin da zafin watan Afrilu da Mayu ke buƙata, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, shi ne lagireto mai tsabta da fanka mai aiki. A gwada kilim ma, a tabbatar sanyinsa na kaiwa layin baya, domin a can yara ke zama. Sienna mai lita 3.3 da bel take aiki a cikin inji, wanda ake canzawa bayan wani adadin tafiya, don haka a tambayi lokacin da aka canza shi.

Kujera ta bakwai ba ta da amfani idan bel ɗinta ya tsinke ko an cusa shi ƙarƙashin kujera. Dalilin sayen babbar mota tun farko shi ne kowane yaro ya samu wurinsa ya ɗaura. Yaron da ke kan cinya a gaba shi ne ya fi kowa shiga haɗari: birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fizge shi daga hannun uwa, jakar iskar da ke fashewa don kare babba kuma tana iya yi masa mummunan rauni. A duba makullin da ke hana yara buɗe ƙofar baya daga ciki.

Ranar gwaji, ya fi kyau mai saye ya je da bakanikensa na amana, ba wanda dillali ya kawo ba, ya kuma je da uwargida da yara. A zaunar da kowa a wurinsa, a ga ko buhu zai shiga baya, a hau kan tudun rage gudu a saurari ko cikin motar na taɓa ƙasa. Idan mai motar ya yarda, a cika tanki, a yi tafiyar kilomita 50 da kilim a kunne, a dawo famfon da aka sha a sake cikawa. Litar da ta shiga karo na biyu, a ninka ta biyu, ita ce abin da motar ke sha a kilomita 100.