Taura Biyu a Baki Ɗaya: Ɗalibin Zurmi Tsakanin Darussan Aji da Jarrabawar Shiga Karatun Likita

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Amma duk ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda, wanda ya ƙudurta a ransa zai zama likita, tilas ya tauna su, domin kuwa daga watan Afrilu zuwa na Yuli jarrabawa uku ke jiransa a jere. Akwai ta hukumar JAMB, wadda ke buɗe ƙofar jami'a, sannan ga ta WAEC da ta NECO, waɗanda ke ba da takardar shaidar kammala sakandare. Duk wannan kuwa malaman aji ba su daina koyarwa ba, aikin gida bai ragu ba, ga zafin bazara, kuma a shekarun 2024 da 2025 azumin Ramadana ya faɗo ne a makonnin da suka gabaci jarrabawar JAMB.

Yadda Ƙofar Take

An kafa hukumar JAMB a shekarar 1978, kuma tun daga 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawarta. Mai neman karatun likita yana amsa tambayoyi 180 cikin awa 2: guda 60 na Ingilishi, sai 40 a kowane ɗaya daga Bayoloji da Kimistiri da Fiziks. Idan aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. Jimlar maki 400 ne. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su wuce kimanin 12,000 ba.

Jami'o'in da ɗaliban wannan yanki suka fi sa wa ido, wato Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ba su da ikon ɗaukar duk wanda ya nema. Majalisar kula da aikin likitoci ta Nijeriya ce ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makarantar likita za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Saboda haka masu nema kullum sun ninka guraben da ake da su.

A nan ne ɗalibai da yawa ke yin kuskure. Ganin ƙuncin ƙofar, sai ɗalibi ya yi watsi da darussan aji ya rungumi tsofaffin tambayoyin JAMB dare da rana. Ya manta cewa ko ya sami maki 300, jami'a ba za ta dube shi ba sai da kiredit biyar a Ingilishi da Lissafi da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, kuma makarantun likita da dama a zama ɗaya suke son su. Lissafi ba ya cikin darussa huɗu da zai amsa a JAMB, don haka shi ne na farko da ake sakaci da shi. Haka nan WAEC da NECO suna da jarrabawar gwaje-gwaje ta ɗakin kimiyya, wadda ba a koyon ta daga takardar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu. Wanda ya gudu daga aji ya sayar da rabin guzurinsa ke nan tun bai kama hanya ba.

Gaskiyar magana ita ce, taurar ba biyu ba ce ƙwarai. Manhajar JAMB da ta WAEC a darussan kimiyya daga manhajar babbar sakandare aka ciro su, kuma mafi yawan batutuwansu ɗaya ne. Zagayawar jini da malami ya koyar ranar Litinin ita ce dai za ta fito a kwamfuta a watan Afrilu. Bambancin yana wajen salon tambaya da saurin amsawa. Abin da ɗalibi ke bukata shi ne dabarar da za ta sa karatu ɗaya ya biya bashi biyu, kuma masana sun daɗe suna bincike a kanta.

Abin da Bincike Ya Nuna

A shekarar 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya auna yadda suke zubewa. Ya gano cewa bayan awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ya rage. Daga nan sai mantuwar ta rage gudu. Har wa yau ya lura cewa tisa karatu a ranaku dabam-dabam ya fi tisa shi sau da yawa a zama guda. Wato darasin da aka koya yau, gobe ne ya fi bukatar a waiwaye shi, ba daren jarrabawa ba.

A 2006 wasu masana biyu na Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka bai wa ɗalibai wani rubutu. Rukuni ɗaya ya yi ta maimaita karanta shi, ɗaya rukunin ya karanta sau ɗaya, aka karɓe takardar, aka sa shi rubuta abin da ya tuna har sau uku. Bayan mako guda, masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kuwa kashi 61. Abin mamaki, rukunin farko ne ya fi amincewa da kansa. Ido ya saba da shafi, sai zuciya ta ɗauka ta iya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan Zurmi da ya yi makarantar allo. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam karatun, kuma mahaddaci ba ya barin abin da ya haddace bara ya kwanta, sai ya yi ta tilawarsa da ka yana zagayowa. Dabarar da ta riƙe izu sittin a ƙirjin mutum za ta riƙe jadawalin sinadarai.

Abu na uku shi ne barci. A 1924, a Jami'ar Cornell, John Jenkins da Karl Dallenbach sun sa ɗalibai biyu haddace gaɓoɓi goma-goma. Idan suka yi barcin awa 8 bayan haddar sukan tuna biyar ko shida, idan kuwa suka yini a farke, da ƙyar suke tuna ɗaya. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa a lokacin barci wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas yana sake bin abin da aka koya da rana, yana miƙa shi ga ma'adana mai ɗorewa. Likitoci suna ba matasa shawarar barcin awa 8 zuwa 10. Ɗalibin da ke cin goro ko shan shayi mai kauri don ya kai asuba yana zuba ruwa ne a rariya.

Tsarin Mako

Idan aka haɗa waɗannan abubuwa uku, tsarin da zai fito ba mai wuya ba ne. Ɗalibi ya halarci kowane darasi, musamman Lissafi da ɗakin gwaje-gwaje. Da la'asar, ya rufe littafi ya rubuta abin da ya tuna daga darasin ranar, sannan ya buɗe ya gyara, ya bi da tsofaffin tambayoyin JAMB goma ko sha biyar a kan wannan batun. Bayan sallar asuba, lokacin da gari ke da sanyi kuma ba a bukatar fitila sosai, ya waiwayi na jiya da na makon jiya. Ranar Asabar kuma ya ajiye agogo a gabansa ya amsa tambayoyi 180 cikin awa 2, ya rubuta duk inda ya faɗi a littafi na musamman. Wannan littafin kurakurai shi ne abin karantawa a makon ƙarshe.

Tsarin ya shafi har wanda ya gama sakandare. Wani yakan shiga shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, alal misali a makarantar share fagen shiga jami'a ta Funtuwa, yana kuma shirin sake zama JAMB. Shi ma idan ya bar darussan zango suka lalace don jarrabawar rana ɗaya, yana iya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Nauyin Malamai

Ɗalibin wannan yanki yana da wahalar da ɗan birni ba shi da ita. A watan Satumba na 2021 an rufe makarantun Jihar Zamfara na tsawon watanni saboda matsalar tsaro, aka kuma katse layukan waya. Wanda ya saba gwada kansa da littafi da takarda, karatunsa ba ya tsayawa don makaranta ta tsaya. Kazalika tun daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma rajista da jarrabawa sukan bukaci tafiya, wani lokaci har Gusau. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ya kamata a kammala waɗannan tun da wuri.

Malami zai taimaka ƙwarai idan ya buɗe kowane darasi da tambayoyi biyar daga na makon jiya, ba tare da ba da maki ko bulala ba. Haka kuma makarantar da ke da kwamfuta ko guda ɗaya ce, ta tabbatar kowane ɗan ajin ƙarshe ya taɓa ta kafin ranar jarrabawa, domin daƙiƙa 40 ba ta isa a koyi amsa a koyi na'ura.

Kammalawa

Karatun likita shekara shida ne, kuma shekarar farko Bayoloji da Kimistiri da Fiziks ɗin nan ne dai za a sake yi da zurfi, wanda bai ci su ba kuwa ba ya wucewa gaba. Ɗalibin da ya yi haddar dare ɗaya zai isa Sakkwato ko Zariya hannu wofi. Wanda ya koyi tisa karatunsa da gwada kansa tun yana Zurmi, da wannan ɗabi'ar zai shiga aji, da ita kuma zai tsaya a gaban gadon majiyyaci.